Tafiyata Kushtiya, inda ake tace guba da yashi da ƙarfe

Taron ƙara wa juna sani kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya kai ni Bangaladesh a watan Janairu, amma tun ina cike takardun biza hankalina yana kan wani gari daban. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata kwaleji a Kano, kuma na daɗe ina ba ɗalibai labarin Farfesa Abul Hussam, ɗan garin Kushtiya da ya ƙirƙiro matacin da ke cire gubar arsenik daga ruwan rijiya. Na ƙudurta cewa in dai Allah ya sa na taka ƙasar, sai na je na ga abin da idona.

Biza a Abuja na karɓo ta, bayan doguwar hanyar Kaduna da shingayenta. Jirginmu ya bi ta Doha, muka sauka Dhaka, babban birnin ƙasar, da sassafe. Jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata da adireshin masauki da katin rigakafin shawara, ya daɗe yana juya fasfo ɗina, sannan ya tambaye ni ko Musulmi ne ni. Da na amsa, sai ya yi mini sallama, ya buga hatimi.

Duk wanda yake kukan cunkoson Kano ya je Dhaka. Daga filin jirgi zuwa masauki tafiya ce 'yar kaɗan, amma sai da rana ta ɗaga sosai kafin mu isa. Suna da irin a-daidaita-sahunmu, koraye, masu amfani da gas, sai dai an kewaye su da ragar ƙarfe, fasinja a kulle, direba a kulle. Ga kekunan ɗaukar mutane da ake tuƙawa da ƙafa, dubbai, kowanne an yi masa ado da fenti. Dala ɗaya tana kusan taka 120, kuɗin ƙasar, a lokacin. Kofin shayi a bakin titi taka 10 ne, kuma ba a rabuwa da shi. Abinci kuwa shinkafa ce da rana, shinkafa da dare, da romon wake da suke kira dal, da kifi, da dakakken dankali ko gauta da aka cuɗa da man mustad da barkono. Ban sha wuya ba, domin da hannu suke ci kamar mu, kuma ba sa barin baƙo ya ce ya ƙoshi.

A wurin taron na haɗu da wani matashin malamin jami'a, ɗan yankin Kushtiya. Da ya ji inda nake son zuwa, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bhai," wato ɗan'uwa, "ba za ka tafi kai kaɗai ba, gidanmu za ka." Shi ya zama tafintana kuma jagorana har na bar ƙasar. Kafin mu tashi ya kai ni bakin kogin Buriganga a tsohon birni. Ruwan baƙi ne wuluk, warinsa yana tarar mutum tun daga nesa, ga mutane suna fito a kansa cikin ƙananan kwalekwale. Majemun fata na unguwar Hazaribagh suna cikin waɗanda suka kashe kogin nan, har gwamnati ta tashe su a 2017 ta mayar da su Savar, bakin wani kogin. Ni da na san abin da majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai suke zubarwa, da yadda ake ban-ruwan kayan lambu da shi, ban iya cewa komai ba. Sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi a can, shi ne dai a nan.

Daga tashar Gabtoli muka hau doguwar bas bayan sallar asuba, kuɗin mota taka 600 da ɗoriya. Kafin mu yi nisa, a wani shinge, wani mutum ya shigo da kyamara yana ɗaukar fuskar kowane fasinja ɗaya bayan ɗaya. Gabana ya faɗi, amma abokina ya ce al'ada ce, saboda 'yan fashi da ke shiga mota a matsayin fasinjoji. Da ya zo kaina ya tsaya, ya ce daga ina, na ce Najeriya, sai ya kira sunayen 'yan ƙwallonmu biyu, ya wuce.

Wahalar tafiyar a Paturia take, inda ake ɗora motoci a jirgin fito a tsallaka kogin Padma zuwa Daulatdia. An buɗe babbar gadar Padma a 2022, mai tsawon fiye da kilomita 6, amma tana can kudu, motarmu ta bi tsohuwar hanya. Hazo ne ya rufe kogin, hazo mai laima da ke jiƙa tufafi, ba irin busasshen namu na hunturu ba. Jiragen suka tsaya cak, manyan motoci suka yi layi iya ganin ido. Na yi shirin zafi ban yi shirin sanyi ba, sai da na sayi mayafi a wurin wani mai talla. Muka zauna muna shan shayi muna cin soyayyiyar shinkafa mai yaji da ake sayarwa a ƙunshin takarda, har wajen hantsi hazon ya yaye. Da muka shiga tsakiyar kogin na rasa gaɓar da muka baro da wadda muka nufa. Na san Kwara a Jebba da Lakwaja, amma ban taɓa ganin ruwan daɗi mai faɗin haka ba. Padma ita ce Ganga ta Indiya bayan ta shigo ƙasar, kuma lakar da take ɗaukowa daga duwatsun Himalaya ita ce ta gina ƙasar da suke nomawa. Ita ce kuma ta kawo musu gubar.

A kan jirgin abokina ya ba ni labarin kamar yadda mutanen wurin suke faɗarsa. A da ruwan tafki da na kogi suke sha, kwalara da gudawa suna kwashe yara. Daga shekarun 1970, gwamnati da UNICEF suka dage wajen kafa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi masu fanfon tuƙa-tuƙa, daga baya mutane suka ci gaba da kafa nasu, har suka kai miliyoyi. Mutuwar yara ta ragu, kowa ya yi murna. Babu wanda ya gwada ruwan don neman arsenik. A ƙasan nan, arsenik yana manne da tsatsar ƙarfe da ke jikin ƙwayoyin yashi. Inda babu iska, ƙananan halittu masu cin ruɓaɓɓen ganye sukan narkar da tsatsar, sai gubar ta saki ta shiga ruwa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Wani likitan fata a Kolkata, K. C. Saha, ya fara ganin alamunta a jikin marasa lafiya a 1983 ta ɓangaren Indiya. A Bangaladesh sai 1993 aka tabbatar da ita a rijiyoyin Chapai Nawabganj. A 2000 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga binciken da ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 suna cikin haɗari, ya kuma ce ba a taɓa shayar da al'umma guba mai yawan haka ba a tarihi.

Daga Daulatdia zuwa Kushtiya ta Rajbari, gonakin mustad ne rawaya fat da hayaƙin wuraren gasa bulo. Mun isa da la'asar. Na sauka a wani ƙaramin otal, taka 1,500 a dare, suka kwafi fasfo ɗina domin rajistar baƙi. Ruwan wanka mai zafi a bokiti aka kawo. Garin yana bakin kogin Gorai, ya shahara da injinan casar shinkafa da noman taba da wata alewar riɗi da ake kira tiler khaja, wadda ta tuna mini da kantu.

A garin nan aka haifi Abul Hussam. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Dhaka, ya tafi Amurka a 1978, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Pittsburgh a 1982, a fannin awon sinadarai, wato gano ɗan mitsitsin abin da ke ɓoye cikin wani abu da faɗin adadinsa. Daga baya ya zama malami a Jami'ar George Mason da ke Virginia. Ɗan'uwansa, Dakta Abul Munir, likita ne da ya zauna a Kushtiya, shi ne yake ganin masu tabo a fata suna shigowa asibiti. A shekarun 1990 suka haɗa kai, kuma abin da suka fara yi shi ne ya fi burge ni a duk labarin. Kafin su yi maganar mataci, sai da Hussam ya haɗa na'urar awo mai aiki da lantarki, wadda za ta iya auna arsenik daidai a nan cikin garin, ba sai an kai ruwa Dhaka ko ƙasar waje ba. Cikin ruwan da suka fara gwadawa har da na rijiyoyin gidansu, kuma suka same shi ya haura ƙa'ida sosai. Ruwan da ya sha yana yaro ke nan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 10 ce a lita, ta Bangaladesh kuma 50, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Wanda ba zai iya auna abu ƙanƙane haka ba, ba zai taɓa sanin ko matacinsa yana aiki ba, sai dai ya yi ta yaudarar kansa da mutane.

Washegari muka nufi ƙauyen su abokina ta wajen Bheramara, a kan wata mota ƙirar gida da aka haɗa da injin ban-ruwa, mai ƙara kamar injin niƙa. Tun daga bakin hanya ya riƙa nuna mini bakunan fanfuna. A farkon shekarun 2000 an bi ƙauyuka ana gwada rijiyoyi miliyoyi, wadda ta haura 50 a shafa wa bakinta jan fenti, wadda ba ta haura ba a shafa kore. Yanzu fentin ya koɗe a yawancinsu, an kuma kafa sababbi da babu wanda ya gwada. Abin mamaki, rijiya mai ja da mai kore sukan kasance a maƙwabtaka, tsakaninsu taku kaɗan.

A gidansu aka shimfiɗa mana tabarma, mahaifiyarsa ta kawo wainar shinkafa mai zaƙi da suke yi lokacin sanyi. Wani yaro ya kawo ɗanyen ruwan bishiyar dabino da aka taro da dare, abokina ya hana ni sha, ya ce jemagu suna lasar tulun, ta nan cutar Nipah take kama mutane. A kusurwar madafa na ga abin da ya kawo ni. Bokitai biyu ne na roba, ɗaya a saman ɗaya a kan ƙafar ƙarfe, kowanne da ɗan fanfo. Na sama, ja, yana ɗauke da yashin kogi mai manyan ƙwayoyi da wani curin ƙarfe mai huda-huda. Na ƙasa yana da yashi da gawayi da gutsattsarin jan bulo. Ana zuba ruwan rijiya a sama, ya bi ta cikin su, a tara a tulu. Babu lantarki, babu maganin da ake ƙarawa, kuma yana ba da kamar lita 20 ko fiye a awa, abin da ya ishi gida sha da girki. Sunansa SONO, kuɗinsa a farko wajen dala 35.

Sirrin yana cikin ƙarfen. Ɓarɓashin da ke zuba daga injinan sassaƙar ƙarfe ake tarawa, a wanke, a sarrafa shi ya zama curi mai ramuka. Idan ruwa ya bi ta ciki, ƙarfen yana tsatsa a hankali, sabuwar tsatsar kuma tana kama arsenik ta riƙe gam. Irin arsenik ɗin da ke fitowa daga rijiya yana da wuyar kamu, amma ɗan sinadarin manganis da ke cikin ƙarfen yana taimakawa wajen juya shi zuwa nau'in da ke mannewa. A ƙarƙashin ƙasa narkewar tsatsa ce ta saki gubar, a cikin bokiti samuwar tsatsa ce take mayar da ita ɗaure. Kafin su kai ga wannan sun fara da tuluna uku da aka jera a tsaye, amma ƙarfen yakan dunƙule ya toshe, sai da suka yi shekaru suna gyara. Da muka koma gari na sa abokina ya kai ni layin masu injinan ƙarfe, na ɗebi ɓarɓashin a hannuna. Irinsa ake sharewa a zubar kullum a garejojin Kano.

A 2007 Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa ta Amurka ta ba Hussam kyautar Grainger, dala miliyan 1, wadda aka ware wa duk wanda ya kawo hanya mai sauƙi da araha ta cire arsenik. Ya ba da kashi 70 cikin 100 don a kai matatan ga waɗanda ba su da hali, kashi 25 don ci gaba da bincike, kashi 5 ga jami'arsa. A lokacin an riga an rarraba fiye da 30,000, ta hannun wata ƙungiya ta Kushtiya mai suna Manob Sakti Unnayan Kendro. Muna da masana da yawa a jami'o'in Turai da Amurka, kuma ba na raina kuɗin da suke aikowa gida. Amma abin da wannan mutum ya aiko wa garinsu shi ne ilimin da ya tafi nema, ya kuma sami ɗan'uwa a gida da ya riƙe ɗaya bakin igiyar. Ba don likitan da ya zauna yana ganin marasa lafiya, yana bin matatan gida-gida ana sake gwada ruwansu ba, da binciken ya tsaya a takarda.

Da yamma aka kai ni gaishe da wata dattijuwa, abokina yana kiranta chachi, matar baffansa. Ta buɗe tafin hannunta ba tare da na tambaya ba. Fatar ta yi kauri, ta yi ƙurarraji masu tauri, ga ɗigo-ɗigon baƙi da fari a damtsenta. Haka tafin ƙafarta, har takawa tana yi mata zafi. Ta ce lokacin da abin ya fara fitowa, maƙwabta sun ɗauka kuturta ce, suka daina cin abinci da ita, aka hana yara shiga ɗakinta. Wasu matan a kan haka aka sake su, wasu 'yan matan suka rasa manema. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma kafin a gane hakan an riga an zalunci mutane da yawa. Abin da ke fata ma shi ne mai sauƙi, domin gubar tana jawo sankarar huhu da ta mafitsara da ciwon zuciya bayan shekaru. Na ce, "Allah ya ba ki lafiya, Baba." Ba ta jira fassara ba, ta ce amin. Sannan ta tambaya ko a ƙasarmu ma ruwa yana yi wa mutane haka.

Na ba ta labarin Tibiri, kusa da Maraɗi, inda rijiyar burtsatse da aka kafa a shekarun 1980 ta shayar da gari ruwa mai yawan sinadarin fuloraid, har ɗaruruwan yara suka tashi da karkatattun ƙafafu da lalatattun haƙora kafin a gano dalili. Na gaya mata na Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ta riƙe baki tana girgiza kai. A wurinmu, in an haƙa burtsatse ruwa ya fito garai-garai, sai a ɗanɗana, a ce ba gishiri, a yi addu'a, a fara sayar wa 'yan ga-ruwa. Wanda ya matsa ya kai kwalba a duba ƙwayoyin cuta. Ba ina cewa a kwaso SONO a kawo Kano ba, domin ƙasarmu dutse ce a ƙarƙashi, tasu laka, matsalolinmu daban ne: fuloraid a wasu yankuna, naitiret daga masai da aka haƙa dab da rijiya, dalma a wuraren haƙar ma'adinai, kuromiyam a bayan majemu. Alif da muke jefawa a randa yana kwantar da laka ne, ba a dogara da shi kan waɗannan ba. Abin da ya kamata mu ɗauko daga Kushtiya shi ne awo, a kusa, a araha, a kuma maimaita.

Na ga inda matacin ya gaza. A bayan wani gida na tarar da bokitan biyu an juye su, ana zuba wa kaji tsaba a ɗaya. Matar gidan ta ce ruwan ya riƙa fita a hankali, fanfon ya karye, ba ta san inda za ta samu wani ba. Ana kuma buƙatar zuba tafasasshen ruwa a ciki lokaci-lokaci don kashe ƙwayoyin cuta, ba kowa ke jurewa ba. Rijiya mai zurfin da ya wuce mita 150 ta fi zama mafita mai ɗorewa a yawancin wurare, amma tana da tsada, kuma rahoton Human Rights Watch na 2016 ya nuna yadda 'yan siyasa suke karkatar da irin waɗannan rijiyoyi zuwa ga magoya bayansu, alhali wajen mutum miliyan 20 suna shan ruwan da ya haura ƙa'idar ƙasar. Wannan kam ba sai an yi mini dogon bayani ba, na san yadda ake rabon burtsatsen mazaɓu.

Komawa Dhaka ta arewa muka bi. Muka tsallaka Padma a kan gadar Lalon Shah, ga tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta Hardinge ta 1915 a gefe, ga manyan hasumiyoyin tashar nukiliya ta Rooppur da Rashawa suke ginawa. Sai gadar Jamuna, sai cunkoso daga Tangail har cikin birni. A unguwar Hatkhola, inda shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje suke, na yi cinikin akwatin gwajin arsenik, amma mai shagon ya ce ba za a bar ni in hau jirgi da ruwan magungunan da ke ciki ba. Na sayi 'yar na'urar auna gishirin ruwa da takardun gwajin naitiret, na cika sauran jakar da alewar riɗi. A filin jirgin Kano jami'in kwastan ya buɗe ƙunshin, ya shinshina, na ce ya ɗanɗana, ya ce ai wannan kantu ne, ya sallame ni.

Wannan zangon na sa ɗaliban ajin ƙarshe kowa ya kawo ruwan burtsatsen unguwarsu, da zurfin rijiyar da nisanta daga masai mafi kusa. Naitiret da ƙarfe da gishiri za mu iya aunawa a ɗakin gwajinmu. Fuloraid da dalma da kuromiyam sai an aika inda suke da na'urar, kuma kowace kwalba da kuɗinta. Shugaban sashe ya ce in rubuto takarda da lissafi, na miƙa ta ranar Litinin.